Wuta a Ruwan Kifi

Ku matso in ba ku labarin Inna Asibi, wadda ɗanta ya ajiye a gidansa na Makarfi, can bayan inda ake lodin rake. Gida ne mai doguwar katanga da baƙar ƙofar ƙarfe. Ɗan nata, Abdulwahabu, ya ɗauko ta daga Saulawa bayan rasuwar mijinta, ya ba ta ɗaki mai fanka da katifa mai taushi. Da sassafe yakan shiga mota ya tafi ofis Zariya. Matarsa Radiyya takan bi bayansa zuwa shagonta na atamfa a bakin titi, ta ja ƙofar gida ta kulle ta waje, wai saboda ɓarayi. Ba mai dawowa sai magariba ta kawo jiki.

To Abdulwahabu ɗan fari ne. Ku yaran yanzu ba lallai ku san nauyin wannan ba. Tun da Inna Asibi ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta yi masa doguwar magana. In tana da buƙata sai ta samu Radiyya a kicin ta ce, "Ki faɗa wa mai gidan nan." Haka aka yi mata tarbiyya, haka ta ga uwarta ta yi.

Wata rana ya dawo daga Kaduna da wani akwatin gilashi, girmansa ya kai babban akwatin lefe. Aka kafa shi a falo, aka cika da ruwa, aka zuba tsakuwa da ciyawar roba, aka saki kifaye ƙanana, jajaye da masu ruwan zinariya, da wani baƙi mai kumburarrun idanu. Akwai ɗan inji a ciki mai hura kumfa, a jikin murfin kuma doguwar fitila shuɗiya. Wayar fitilar ba ta kai soket ba. Abdulwahabu ya ce wannan ba abin kiran mai gyara ba ne. Ya yanko wayar tsohuwar fanka, ya feɗe bakinta da haƙori, ya murɗa su wuri guda, ya naɗe da baƙar leda. Don kada ƙullin ya ɓata wa falo kyau, sai ya cusa shi ƙarƙashin murfin, dab da ruwa.

Radiyya ta ce, "Inna, ga abin ɗebe kewa an samo miki. Ki riƙa zuba musu abinci, in ruwan ya ja ƙasa ki ƙara, in gilashin ya yi kore ki sa hannu ki goge ta ciki."

Inna Asibi ta leƙa, ta riƙe haɓa. "Yanzu waɗannan in sun girma miya za a yi da su?"

"Kai Inna! Na kallo ne."

"Kifin kallo. Ikon Allah. Mu dai a fadama wanda muka kalla shi muke ci."

Ta yi dariyar abin da farko. Amma wuni yana da tsawo ga wanda ya saba da gidan yawa, inda kafin ka gama gaisawa da wannan wancan ya leƙo aron taɓarya. Sannu a hankali ta koma jawo 'yar tabarmarta gaban akwatin. Ta raɗa musu sunaye. Wata ja mai haɗama ta sa mata Zulai, sunan ƙawarta ta Saulawa wadda ba a gama rabon tuwon biki ba ta miƙo kwano na biyu.

"Ke Zulai, ci a hankali, ba ƙwace miki za a yi ba. Kai kuma baƙin nan, me kake zare mini ido? Bashinka na ci?"

Da su take hira. Su ta ba labarin yadda gero ya yi bara, su ta faɗa wa wanda ya rasu da wanda ya yi aure. In ta sa yatsa a ruwan sai su taru suna tsattsakurarta, ita kuma tana ta murmushi ita kaɗai.

Ranar da abin ya fara, ta yi alwalar walaha ke nan, ƙafafunta a jiƙe. Ta tuɓe takalmi a bakin falo, don ita ba ta taɓa taka falon ɗanta da takalmi ba. Ta ƙara ruwa a akwatin, ta ɗauki soso ta tsoma hannu. Sai wani abu ya kama ta tun daga kan yatsu har gwiwar hannu, kamar an watsa mata tururuwa masu cizo a cikin jijiya. Ta fizge hannun da salati. Ta duba, ba jini, ba kumburi.

Da magariba ta samu Radiyya tana yanka albasa.

"'Yar nan, ruwan kifin can akwai wuta a ciki. Ta ja ni yau."

"Wuta a ruwa, Inna? Kifin ne dai ya ɗan cije ki."

"Ni da na kama tarwaɗa da hannuna tun ina budurwa, ni za a koya wa cizon kifi? Ki dai faɗa wa mai gidan nan."

Radiyya ta faɗa. Tana zuba masa abinci ta ce, "Wai Inna ta ce kifinka ya fara cizo." Suka yi dariya. Inna Asibi na jin su daga ɗakinta.

Abin bai tsaya ba. Wata rana kaɗan ne, kamar tsinin allura. Wata rana, musamman in ta ƙara ruwa, sai ya girgiza ta har haƙora. Hannun dama ya fara kwana yana zugi. Ta sake magana, ta kuma sakewa, har Radiyya ta gaji ta ce wa mijinta ya zo ya gwada a gabanta kowa ya huta.

Ya shigo falo da silifas ɗinsa na roba, irin masu kaurin nan, don shi mai gida ne, ba ya tuɓe takalmi a falonsa. Inna Asibi ta tsaya bayan labule. Ya naɗe hannun riga, ya zurma hannu har gwiwa, ya kaɗa ruwan, kifaye suka watse.

"Ina wutar?" Radiyya yake tambaya, amma da ƙarfi yadda na bayan labule zai ji. "Ki tambaye ta, in da wuta a ruwan nan wa za ta fara kashewa? Ba kifin ba? Ga su nan suna wasansu. Sanyin ƙashi ne ke damunta. Gobe zan biya kemis."

Ya kuwa biya. Ya kawo man zafi da ƙwayoyi a farar leda, ya durƙusa a bakin ƙofarta ya ajiye. Ta ce, "Allah ya yi albarka." Maganar kifin ta tsaya mata a rai, don ita ma ba ta san amsarta ba. Ba ta san kifin da ke yawo a tsakiyar ruwa bai taɓa ƙasa ba, ita ce mai tsayawa da jiƙaƙƙiyar ƙafa a kan tayil, ta jikinta wutar ke samun hanyar wucewa. Abin da ta sani kawai, hannunta ba ya yi mata ƙarya.

Sai ta nemi dabara. Ta lura duk wayoyin a soket ɗaya suke haɗuwa, a bango. Ta riƙa zare shi kafin ta taɓa ruwan, in ta gama ta mayar. Ta samu sauƙi na ɗan lokaci. Rannan bayan ta gama gugar gilashi barci ya ɗauke ta a kan tabarma, ba ta mayar ba. Abdulwahabu ya dawo ya tarar da fitila a kashe, inji shiru, kifaye sun taso sama suna buɗe baki.

Bai yi mata faɗa ba. Wa ya isa ya ce ya ji shi yana ɗaga wa uwarsa murya? Radiyya ya kira.

"Ki faɗa wa Inna don Allah ta daina taɓa soket. Ba ta san kan wuta ba, kada ta jawo mana gobara. Kin san wahalar da na sha kafin in samo kifin nan?"

Ya tura ƙaton teburin talabijin ya danne soket ɗin da shi. Washegari da suka fita ta gwada turawa da kafaɗa. Ko gezau.

A wani gidan da sai ta jira a ɗauke wuta. To gidan nan sola gare su, fitilar nan ba ta mutuwa dare da rana.

Ta daina sa hannu. Ta riƙa watsa abincin daga nesa. Gilashin ya fara kore, ya yi ta duhu har Zulai ta koma kamar inuwa. Ranar Asabar abokan Abdulwahabu suka zo, ɗaya ya ce, "Mutumina, wannan akwatin kifi ne ko kududdufi?" Aka yi ta shewa. Da suka tafi Radiyya ta zo ta tsaya a bakin ƙofar Inna, muryarta a tausashe, irin tausasawar da ta fi faɗa ciwo.

"Inna, ba ma sa ki girki, ba ma sa ki shara. Abu ɗaya tak. Yau ya ji kunya a gaban mutane."

Kalmar nan ta kunya ita ta karya ta. A ce ta dalilinta ɗanta ya ji kunya? Ta ɗaura soso a bakin muciya tana gogewa da shi. Muciyar ba ta shiga lungu. In ta jiƙe, ita ma takan kawo abin har tafin hannu.

Akwai wata maƙwabciya, Adama, mai tuyan ƙuli-ƙuli, da takan shigo ranar Lahadi in ƙofa na buɗe. Ita ta lura Inna Asibi na ɗaukar kofi da hannun hagu.

"Yaya Asibi, me ya samu na daman?"

Ta ba ta labari ƙasa-ƙasa, tana waige.

Adama ta ce, "To ki kira shi ki zaunar, ki ce kai wane, ga abin da ke akwai. Ke kika haife shi fa."

"Ni? In zaunar da shi in ce ƙarya yake? Ai ya gwada a gabana. Adama, bakina ba zai iya ba."

"To ni nawa zai iya."

Adama ta tari Radiyya a tsakar gida. Radiyya ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi ajiyar zuciya.

"Baba Adama, ke ba ki san abin da muke fama da shi ba. Tun da ta zo take neman dalilin komawa ƙauye. Da farko ruwan famfo ne ba ya kashe mata ƙishi, sannan fanka na sa ta mura, yanzu kuma wuta a ruwa. Mu har mun fara tunanin ko iska ce. Kullum fa sai ka ji tana magana ita kaɗai a falo."

"Da wa kike so ta yi, kun kulle ta kun tafi?"

Daga ranar Radiyya ta riƙa rufe ƙofa har da ranar Lahadi. Aka samo wa Inna Asibi rubutu da turaren hayaƙi. Ta sha rubutun, don sunan Allah ne, ba a mayar da shi.

Ranar da abin ya kai ƙarshe, ranar kasuwa ce, motocin rake sai wucewa suke suna girgiza katanga. Ta yi alwala, ta tuɓe takalmi, ta ɗauko bokiti. Hannun dama ba ƙarfi, ruwan ya kwararo fiye da yadda ta so, akwatin ya cika har baki, saura ya malale a tayil ta tsaya a ciki. Ƙarfin ruwan ya tunkuɗe wani dutsen ado, ya danne Zulai a jikin gilashi. Kifar ta riƙa kaɗa jela tana neman fita.

"Wayyo Zulai, tsaya, tsaya ina zuwa."

Ba ta tuna da muciya ba. Ta zurma hannu.

Wannan karon abin bai sake ta ba. Ya riƙe hannun, ya murɗe mata kafaɗa, ya toshe mata numfashi. Nauyin jikinta ne ya ƙwace ta, ƙafa ta zame a ruwan ta faɗi ta baya, ƙugu ya daki tayil. Ta ji ƙarar ƙashin da kunnenta.

Ta yi kira. Ta kira Adama, ta kira Radiyya, ta kira sunan mijinta da ke kabari. Katanga doguwa, motoci na ruri. Wayarta na can ɗaki ƙarƙashin matashi. Ta gwada jan jiki, azaba ta mayar da ita. Zaninta ya sha ruwa, sanyin tayil ya shige ta. Aka kira azahar, ta yi sallarta a kwance da ido. Aka kira la'asar, ta sake yi. Sama da kanta fitila shuɗiya na ci, kumfa na tashi, kifaye na kai da komo. Zulai ta daina motsi tun kafin rana ta karkata.

Har a wannan halin, da bakinta ya zo kan sunan ɗanta, sai ta haɗiye. Ta ce, "Mai gidan nan. Mai gidan nan."

Sai magariba aka buɗe ƙofa.

Aka kwashe ta zuwa wani asibiti a Zariya. Likita ya tambayi yadda aka yi. Abdulwahabu ya ce jiri ne ya ɗebe ta, ga tsufa, ga santsin tayil. Aka yi mata aiki a ƙugu.

Tana can kwance, wata safiya Abdulwahabu ya fito wanka yana sauri, silifas ɗinsa ya tsinke ya bar shi a banɗaki. Ya ratso falo ƙafa ba takalmi, ruwa na ɗiga daga jikinsa. Ya hangi jar kifar nan har yanzu a ƙarƙashin dutse, ta fara fari. Ya yi tsaki, ya sa hannu zai ciro ta.

Ihun da ya yi sai da Radiyya ta yar da kofin shayi. Ta same shi zaune a ƙasa, ya riƙe hannu, idanu waje.

"Lafiya? Me ya faru?"

Ya nuna akwatin kifin. Sannan ya ce, "Akwai wuta."

Suka kalli juna. Ya ture teburin talabijin, ya zare soket, ya ɗaga murfin. Baƙar ledar ta saki, jan ƙarfen wayar a waje, ya yi kore, yana lilo a kan ruwa.

Radiyya ce ta fara magana. "Kada ka faɗa wa kowa. In mutanen Saulawa suka ji, mun shiga uku a bakinsu."

A ranar, kafin ya tafi asibiti dubiya, ya biya kasuwa ya sayo sabuwar fitila mai doguwar waya, ya sa aka ɗaga soket ɗin sama, aka gyara komai tsaf. Aikin bai hana shi zuwa ofis ba.

Da aka sallamo Inna Asibi, ba ta iya takawa, hannun dama kuma ko carbi ba ya ja. Aka kwantar da ita a ɗakinta. 'Yan'uwa suka zo dubiya daga Saulawa, da ƙanenta Muktar a gaba, manomi ne mai furfura. Ganin ƙofa a buɗe Adama ma ta shigo. Aka gaisa, aka jajanta, aka yi addu'a. Radiyya na ta kai da komo da ruwa da lemo, tana ba kowa labarin jiri.

Adama ta kasa haƙuri. "Malam Muktar, wane jiri? Baiwar Allahn nan tun damina take kukan wuta na jan ta a ruwan kifin can. Ba wanda ya saurare ta."

Muktar ya juya ga ɗan 'yar'uwarsa da ke durƙushe a bakin ƙofa.

"Abdulwahabu, me nake ji?"

Abdulwahabu ya sunkuyar da kai. Na ɗan lokaci kamar zai faɗa. Sai ya miƙe.

"Kawu, zo ka gani da idonka."

Ya kai shi falo. Muktar ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Abdulwahabu ya ɗaga murfin ya ce ya sa hannu. Tsohon ya yi bisimilla ya tsoma, har gwiwa. Ya jira. Kifaye suka zo suna shinshinar yatsunsa.

"Ka ji wani abu, Kawu?"

"Sanyi dai."

"To ka gani. Tsufa ne. Mu ma haƙuri muke yi."

Muktar ya dawo yana goge hannu da bakin riga. Ya zauna kusa da 'yar'uwarsa, ya yi magana a hankali, cikin tausayi.

"Yaya, ni na sa hannuna, ba komai a ruwan nan. Ki riƙa kwantar da hankalinki. Yaron nan yana ƙoƙari, ba kowa ke samun ɗa irinsa ba. Ko dai kina da abin faɗa?"

Inna Asibi ta ɗaga ido. Tun daga kan gadon take hango hasken falo a jikin bangon baranda. Da shuɗi ne, yanzu ya koma fari. Ta gane an canja fitila, ta kuma gane dalili. Ta dubi ɗanta, wannan karon sosai, har cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Shi ne ya kau da kai.

Kalma ɗaya za ta faɗa, mutanen Saulawa su koma gida da maganar a baki. Ɗan fari ne, ga kawunsa, ga baƙi.

Ta ce, "Jiri ne."

Adama ta tashi ta fita ba sallama.

Muktar ya ce ko a ba shi ita ya tafi da ita gida, can akwai mata, akwai jikoki, ba za ta rasa mai miƙa mata ruwa ba. Abdulwahabu ya ce haba Kawu, me duniya za ta ce da shi, uwarsa na ciwo ya tura ta ƙauye? Muktar ya ce gaskiya ne, Allah ya yi albarka. Aka yanke shawara, don lafiyarta, kada a sake kai ta falo, tun da ganin kifin nan ne ke tayar mata da abin.

Yamma ta yi, baƙi suka hau mota suka tafi suna yaba gidan.

Ni dai abin da ke ci mini rai ke nan. Kunyar da tsohuwar nan ta riƙe, don girmansa ta riƙe ta, shi kuma ya san ba za ta taɓa karya ta ba, shi ya sa ya jingina da ita ya yi ƙaryarsa hankali kwance. Ya ji wutar nan a hannunsa sau ɗaya, kafin rana ta faɗi ya gyara. Uwarsa ta ji ta damina guda, aka ba ta man zafi da rubutu. Har yau bai je ya durƙusa ya ce mata, Inna, gaskiyarki ne, ba. Ita kuma ba za ta tambaya ba.

Washegari da safe Radiyya ta ajiye mata kunu da ruwa da fo a gefen gado, inda hannun hagu zai kai. Ta ce, "Inna, sai mun dawo."

Inna Asibi ta ce, "A dawo lafiya."